Zoben Ƙafar Tsattsewa

Ƙofar Taramniya, Sakkwato
3 ga Agusta, 2024

Yaya Abdulshakur,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya ƙasar Ingila? Mu nan alhamdulillahi, damina ta zauna, gero ya fara fitar da kai.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Na gaji da wayarka ne. In na kira sau biyar ka ɗauki ɗaya, ka ce "lafiya lau, ina bakin aiki," ka kashe. To ga shi na rubuta da hannuna, na ɗauki hoto na turo. In ka iya, ka kashe wannan ma.

Yafendo Wasila ba ta da lafiya, kuma ba ƙaramin ciwo ba ne. Ƙoda ce. Ƙafafunta sun kumbura har zani ba ya rufe su da kyau. Shekaranjiya aka sallamo ta daga asibiti, likita ya ja mijina Jelani gefe ya ce a koma gida a yi ta addu'a. Ka san abin da wannan maganar ke nufi. Na zo na gaya wa Inna, tana tsince shinkafa a faifai, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Allah shi sawwaƙe." Shi ke nan fa! Ƙanwarta ce, ciki ɗaya, daga nan zuwa Ƙofar Kware ko da ƙafa ana zuwa, amma shekara goma sha ɗaya ko gaisuwar Sallah ba ta haɗa su.

Duk sanda na ɗauko maka zancen nan sai ka kawar, to yau sai ka ji shi daga farko, tunda a kanka aka yi. Kwana huɗu da tafiyarka, da hantsi, wata 'yar tsattsewa ta faɗo tsakar gidanmu kusa da randa. Ina nan, shekarata goma sha uku. Inna ta ɗauke ta, sai ta ga zoben ƙarfe a ƙafarta da rubutu a jiki. Ba ta bari kowa ya taɓa ba. Ta kai wa wani mutum can bayan kasuwa, ya juya zoben ya juya, ya ce kurciya aka yi maka don ka bar gari kada ka ƙara zama wuri ɗaya, kuma wanda ya yi na jikinta ne, mai hulɗa da tsuntsaye. To wa ke kiwon tantabaru a danginmu in ba Yafendo ba? Wa aka ga kuna ƙus-ƙus da ita a zaure ana jibi za ka tafi? Inna ta tafi Ƙofar Kware da zoben a hannu. Yafendo ta yi kuka, ta rantse, amma da aka ce ta faɗi abin da kuka tattauna a zaure sai ta yi gum.

Kai kuma sai ka yi ta gaskata mutumin. Legas, Kwatano, Akra, yanzu Ingila, a can ma gari na uku ke nan. Duk sanda ka sauya wuri Inna sai ta ce, "Kun gani ko?"

Ni ce a tsakani. Da safe in bar ɗakina a Kalambaina in je makaranta in koyar, in biyo nan, in wuce Kware, in koma, kullum a cikin Keke har masu Keken sun san ni. Ba na barci da kyau, Yaya. Ina tsoron matar nan ta tafi Inna ba ta je ba, daga baya Inna ta rasa inda za ta kai nadamarta. Ka yi wani abu. Ban san mene ne ba, amma ka yi.

Jelani yana gaishe ka. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Adawiyya

*

11 ga Agusta, 2024

Adawiyya,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, ina fatan Inna da Jelani da ke duk kuna lafiya. Ki gaishe mini da Yafendo da jiki, Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne.

Na karanta sau uku a tsaye. Na kasa zama, na fita na zagaya unguwa na dawo, na sake fita. Kin yi gaskiya, ba na iya zama. Ɗakin da nake ciki ma wata biyar ke nan, har na fara duba wani, alhali ba abin da ya yi mini. Na ɗauki biro sau da yawa ban san me zan ce miki ba, sai jiya wani abu ya faru.

Kin san a gidan kula da tsofaffi nake aiki. Akwai wani tsoho a hannuna, Mista Alan, shekararsa tamanin da uku, ƙafafu sun ƙi amma baki bai ƙi ba. Tun da na zo yake damun kowa a kai shi wata fadama da ke bakin teku, wai a can ya yi rabin rayuwarsa yana kallon tsuntsaye. Jiya Asabar aka ba mu mota, na kai shi da sassafe.

Adawiyya, fadama ce kamar ta Kwalkwalawa, sai dai ba a noma ta, ba a kiwo, ba a harbi, an bar wa tsuntsaye ita kacokan. Ruwan teku ne ke shigowa sau biyu a yini ya cika ta, ya janye ya bar laka da ƙananan kwaruruka. Ciyawar wurin gishiri gare ta, na tsinka na ɗanɗana. An shimfiɗa hanyar katako a kan lakar, na yi ta tura kekensa iska tana neman cire mini hula, har muka kai wata 'yar bukkar katako mai siraran tagogi. A ciki mutane zaune tsit kamar a masallaci, kowa da madubin hangen nesa a ido. Na so in yi dariya. Manya-manyan mutane da furfura, sun baro gida da asuba don su leƙi zalɓe! Mista Alan ya miƙo mini nasa madubin ya ce in duba. Da ruwa ya fara shigowa sai dubban tsuntsaye suka tashi lokaci ɗaya, masu dogon baki, masu jan ƙafa, suka juya a sama suka sake sauka gaba kaɗan. Ruwa ya matso, su tashi, su sauka. Ban san na yi awa guda a tsaye ba sai da wuyana ya ƙage.

A hanyar dawowa muka tarar da wasu mutum uku a bakin wata doguwar ciyawa, da tebur da littafi. Sun kafa raga siririya wadda ido ba ya gani sai an matsa. Wata mata ta zura hannu a 'yar jaka ta fito da tsuntsu, wallahi tsattsewa, irin tamu sak. Ta auna fiffikenta, ta ɗora ta a sikeli, sannan ta ɗauki filaya ta matse mata wani ɗan zoben ƙarfe a ƙafa, ta karanta lamba, na kusa da ita ya rubuta. Ta buɗe hannu, tsuntsuwar ta tafi.

Na tambayi Mista Alan na mene ne wannan. Ya ce don a san inda suke zuwa. Wai in sanyi ya kusa sai su bar nan su nufi Afirka, su ƙetare teku, su ƙetare hamada, in wani ya tsinci mai zobe ya aiko da lambar sai a san hanyar da ta bi. Shi kansa ya ce ya sa wa dubbai da hannunsa. Ya ga yadda fuskata ta koma, ya ce ko in zauna a kekensa shi ya tura ni.

Ni ban taɓa ganin zoben Inna ba, labarinsa kawai nake ji. Don Allah ki nemo shi. Ki duba da kyau, ki rubuto mini duk abin da ke jikinsa, harafi da lamba, kada ki tsallake ko ɗaya. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Na gode da ɗawainiyar da kike yi. Sai na ji daga gare ki.

Yayanki,
Abdulshakur

*

Kalambaina, Sakkwato
17 ga Agusta, 2024

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, sai dai jikin Yafendo jiya i yau.

Kai ka sa ni sata a ɗakin uwata, Allah ya yafe mana mu biyu. Kwana uku ina fakon ta fita. Ranar Alhamis ta tafi barka maƙwabta, na faɗa ɗakin. Na duba ƙarƙashin katifa, na duba cikin kwanonin jere ɗaya bayan ɗaya, ko kaza ta yi motsi sai in zabura. Ashe yana can ƙasan adakarta, cikin gwangwanin man shafawa, an naɗe shi da ƙyalle an ɗaure da baƙin zare. Kusa da gwangwanin akwai atamfa turmi biyu sababbi fil, ba a taɓa yanka su ba. Na gane su. Su ne ta saya ta ajiye don ranar bikin gama jami'arka.

Zoben ɗan mitsitsi ne, ko a ɗan yatsan jariri ba zai shiga ba. Sai da na ɗauke shi hoto na buɗa sannan na iya karantawa. Akwai rubutun Turanci ƙanana da ya ɗan goge, amma na ga London a ciki ƙarara. A ƙasa kuma: K471208. Na karanta sau biyar. Yaya, boko ne tsagwaronsa! Shekara goma sha ɗaya muna zaune da abin da ɗan aji uku zai karanta, amma tsoro ya hana a nuna wa kowa. Na zauna a ƙasa ban san ko dariya zan yi ko kuka ba.

Na mayar da shi yadda na same shi, na wuce Ƙofar Kware. Tantabarun Yafendo sun ragu, ba mai kula da su sosai, tukwanensu rabi ba kowa. Tana kwance a tabarma a bakin ƙofa don ta riƙa ganinsu. Na kasa riƙewa, na ba ta labarin fadamarka da masu filaya. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta huta ta ce, "Ashe har yanzu yaron nan shina zama bakin ruwa kallon tsuntsaye." Na ce da ma yana yi ne? Sai ta juya fuska bango ta ce in ba ta ruwa.

Me take nufi? Ni ban taɓa saninka da kallon tsuntsaye ba. Akwai abin da ku biyu kuka sani, kuma shi ne ta ƙi faɗa a gaban Inna. Ba zan matsa wa marar lafiya ba, amma kai lafiyarka ƙalau.

Ka yi sauri da lambar nan. Ka gaida tsohonka mai baki.

Taka,
Adawiyya

*

26 ga Agusta, 2024

Adawiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaida ku duka, ina yi wa Yafendo sannu.

Amsa ta zo. Mista Alan ya sa na zaunar da shi gaban kwamfuta, ya aika wa masu ajiye lambobin, kwana shida suka amsa. Ga abin da suka ce, na juya miki shi da Hausa.

Tsattsewa ce 'yar shekarar, ba ta fi wata biyu da fita daga ƙwai ba. An sa mata zobe ranar 27 ga Agusta, 2013, a wata fadamar bakin teku da ke arewa da inda nake, tafiyar awa huɗu a mota. Nauyinta giram goma sha tara, wato ƙwallon goro babba ya kusa kai ta. Ni na bar Sakkwato ranar 12 ga Oktoba, kin ce bayan kwana huɗu ta faɗo. Ke nan kwana hamsin ta yi a hanya, fiye da kilomita dubu huɗu. Mista Alan ya ce da ƙyar ta ƙetare hamada, ƙishirwa da gajiya suka kayar da ita, shi ya sa ta faɗi kusa da randa. Da na gaya masa a gidanmu ne, tsohon nan sai da ya cire tabarau ya share ido. Ya ce shekara arba'in yana sa zobe, ba a taɓa aiko masa da labarin ko ɗaya daga Najeriya ba.

Ranar da aka sa mata zoben ina Sakkwato ina cin tuwon Inna, ko tunanin tafiya bai gama nuna a raina ba. Yafendo kuwa ko Gusau ba ta taɓa wucewa ba.

Jiya Lahadi na koma fadamar ni kaɗai a bas. Na zauna a bukkar nan, na tashi, na bi hanyar katako har ƙarshe, na dawo. Tsattsewa sun cika wayoyin bakin hanya, ana cewa shirin tafiya suke. Na tsaya ina kallonsu har bas ɗin farko ya wuce ni.

Yanzu ki gaya wa Inna. Na haɗo da hoton takardar da suka aiko da hoton matar nan tana sa zobe. Ki karanta mata a hankali, ki nuna mata. In ta ji wannan ai magana ta ƙare, sai ki ɗauke ta ku tafi Kware.

Tambayarki ta ƙarshe kuma, ki bar ta tukuna.

Yayanki,
Abdulshakur

*

Ƙofar Taramniya
1 ga Satumba, 2024

Yaya, wannan ta Inna ce. Ta ce in rubuta yadda ta faɗa, kada in gyara mata ko kalma. Ka san ba ta kama sunanka, ɗan fari, don haka ba ni na cire shi ba.

Kai,

Ina gaishe ka. Ina hwatan kana lahiya, kana sallah kan lokaci.

Adawiyya ta karanta man takardar Turawa. Ta nuna man hoto. Na kuma ji an shiga adakata ba da sanina ba, wannan tsakanina da ita ne, mun yi ta ta ƙare.

Na ji tsuntsuwa ta taho daga nesa. Ban musa ba. Ni nad ɗauke ta da hannuna, ba nauyi gare ta ba ko kaɗan, bakinta buɗe. Sai da nad ɗiga mata ruwa da yatsa kahin in ga zoben. Da nag gane shi na jehe ta ƙasa. Wanga abu ya tsaya man a rai tun shekaranjiya, baƙuwa ta zo gidana da ƙishirwa nay yi mata haka.

Amma ina da tambaya, kuma ba Bature za shi amsa man ita ba. In ba a yi maka komi ba, mi ya hitar da kai? Saura wata shida ka ƙare karatu, kat tashi da asuba kab bar man takarda bisa tabarma. Mi nay yi maka? Anka yi auren ƙanwarka ba ka zo ba. Kac ce ba ka da takardun tahiya, nay yi haƙuri. Adawiyya ta ce shekara uku ke nan da samun takardunka. Kana can kana wanke tsohhin wasu, kana tura su a keke su kalli tsuntsaye, taka tsohuwar tana nan.

Shekara goma sha ɗaya in mutane sun tambaye ni, cewa nike an yi mashi asiri, ba yin kansa ba ne. Da wannan nike iya barci. Yanzu kun zo kai da Baturenka kun ɗauke man shi. To mi za ni ce? In ce ɗana lahiya lau yag guje ni?

Kuma Wasila ta san wani abu. Na tambaye ta gaban mutane, tay yi shiru. Wanda bai da laihi ba ya shiru haka.

Ba ni zuwa Kware sai na ji wannan. In kana son in tai, ka hwaɗa man gaskiya. Allah shi yi maka albarka duk da haka.

Innarka

Yaya, ni ce kuma. Tun da na karanta mata takardar ba ta zauna ba. Ta share tsakar gida sau uku, ta wanke kwanonin da ke wanke. Yafendo kuma ta daina cin tuwo, sai kunu. Lokaci ba ya jiranka.

*

13 ga Satumba, 2024

Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina durƙushe ina gaishe ki, ina neman gafararki tun kafin ki ji abin da zan faɗa. Kwana goma sha biyu ina rubuta wannan takarda ina yagawa. Adawiyya, ki karanta mata duka, kada ki sassauta.

Inna, ba saura wata shida in ƙare karatu ba. An kore ni daga jami'a shekara guda kafin in tafi. Na faɗi jarrabawa sau biyu, aka cire sunana. Ba wanda ya zalunce ni, ni ne na kasa. Bayan rasuwar Baba kaina ya ƙi ɗaukar komai, ina kallon allo kamar bango.

Ranar da na ga an cire sunana na dawo gida da niyyar in gaya miki. Na tarar kin shimfiɗa atamfa turmi biyu a gado kina nuna wa maƙwabta, kina cewa ta bikin injiniya ce. Na koma zaure na zauna. Washegari na ɗauki jaka na fita kamar kullum, kika ba ni ɗumame a leda. Haka na yi shekara guda. Kullum in fita da jaka, in sauka a Kwalkwalawa, in zauna bakin gulbi ƙarƙashin wata giginya ina kallon balbela da zalɓe da kirinjijiya har lokacin tashi ya yi, in dawo ki ce mini sannu da karatu.

A can Yafendo ta gan ni. Ta je sayen ɓuntun shinkafa da tsaki don tantabarunta wajen masu fadama. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta zauna kusa da ni a ƙasa da sabon zaninta, na gaya mata komai. Ta ce in tashi mu je ta raka ni wurinki, ita za ta fara magana. Na ƙi. Wata biyu tana bina. Abin da aka ga muna yi a zaure ke nan, roƙona take kada in tafi, in tsaya in faɗa miki. Ni kuma na sa ta yi mini alkawari da girman Allah ba za ta taɓa faɗa ba, na ce da bakina zan gaya miki in na zama wani abu.

Da labarin zobe ya iso mini a Legas, na san an ɗora mata abin da ba ta yi ba. Kira ɗaya ya isa in wanke ta. Ban yi ba, Inna. Na ji daɗi ma da aka samo wani dalili wanda ba ni ba. Duk garin da na je, da na fara sabawa da mutane har su fara tambayar gida, sai in tattara in ƙara gaba. Ba kowa ya kore ni, kunya ce. Ba abin da kika yi mini sai alheri, shi ne ma na kasa haɗa ido da ke.

Na warware wa Yafendo alkawarinta. Adawiyya ta gaya mata haka, ta kuma ce ina roƙon ta yafe mini, ko da yake ban cancanta ba. Ki je wurinta, Inna. In fushi ne ki yi da ni.

Ɗanki,
Abdulshakur

*

Ƙofar Kware, Sakkwato
19 ga Satumba, 2024

Yaya,

Sallama. Daga gidan Yafendo nake rubuto maka, a kan gwiwata, ka yi haƙuri da rubutun.

Na karanta wa Inna takardarka ranar Asabar bayan la'asar. Ban sassauta ba, ko da yake a wurin atamfa sai da na tsaya. Ni kaina na ji haushinka, wallahi da kana kusa da sai na jefe ka da faifai. Inna ta miƙe. Ta shiga ɗaki, na ji ƙarar adaka. Ta fito da mayafi da turmi biyun nan a hammata, ta ce, "Tashi." Na ce in tsayar da Keke, ta ce da ƙafa za ta. Ta riga ni isa, ni da ƙuruciyata ina haki a bayanta.

A bakin ƙofa ta tsaya. Yafendo ta ɗago kai daga tabarma ta dube ta, ta ce, "Adda Delu, kin rame." Inna ta zube a wurin ta kama ƙafafun nan masu kumburi tana cewa ki yahe man, ki yahe man. Yafendo ta ce, "Sakar man ƙahwa, ciwo sukai." Suka yi kuka, suka yi dariya, ni na fita wajen tantabaru na yi nawa.

Tun ranar Inna ba ta koma Taramniya ba. Ita ke dama kunu, ita ke watsa wa tantabaru tsaki, har faɗa suke a kan gishirin miya. An kai atamfar wurin tela, iri ɗaya za su ɗinka. Na isar wa Yafendo da saƙonka. Yafendo ta ce ba a yafiya ta takarda, ka zo ka faɗa ta ji da kunnenta.

Jikin dai yana ƙara sauka, ba zan ɓoye maka ba. Jiya ka turo mini cewa kana duba yadda za ka samu hutu. Yaya, na san wannan "dubawa" taka. Ban karanta musu shi ba.

Ƙanwarka,
Adawiyya

*

Ƙofar Kware
6 ga Oktoba, 2024

Kai,

Ina gaishe ka. Na yahe maka duniya da lahira. Ni ban haihe ka don takardar makaranta ba, da ka tambaye ni da ka ji tun tuni.

Wasila ta sha kunu cokali huɗu yau. Mun sa atamfarmu ranar Jumu'a, tata ta yi mata yawa.

Tsattsewan nan masu zuwa da kaka sun hwara isowa. Jiya mun ƙirga bakwai bisa wayar lantarki, Wasila tac ce in duba ko da mai zobe. Na aje masu kasko da ruwa tsakar gida. Abin da bai hi goro nauyi ba ya ƙetaro teku da hamada yaz zo har gidana, ba wanda yan nuna mashi hanya. Kai ka san hanya.

Kullum da sahe in ta buɗe ido sai ta tambaye ni wace rana za ka iso. Gobe ma za ta tambaya. Mi za ni ce mata?

Innarka